Fuƙmar da Na Kashe a Takarda

Lahadi, 8 ga Satumba 2024

Mujalla ta karɓi takardar bincikenmu. Saƙon Farfesa Ingrid ya same ni ina fitowa daga aji, sai da na jingina da bango na karanta shi sau biyu. Shekara biyar! Ita tana can Norway tana jan ragamar aikin, ni ina nan Madina ina ƙirga baƙaƙen ɗigo a kan farar ƙanƙara, cikin hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗauko mana daga ƙarshen duniya ta kudu. Kowane ɗigo fuƙma ce guda, ta fito daga teku ta kwanta. Inna har yau ba ta yarda da sunan ba, wai ayu ne kawai Larabawa suka sake masa suna. Ban taɓa ganin dabbar ido da ido ba, ƙanƙarar da na sani ma ba ta wuce ta firji ba, amma ga ni 'yar Haɗeja sunana ne na biyu a binciken da ya ce fuƙmar gaɓar nan ta ragu da fiye da rabi.

Duktura Khalida, shugabar sashenmu, ta ce mabruk. Ta ce da wannan takarda sabunta kwantiragina a Nuwamba kamar an gama ne. Wannan shi na fi ji a raina. Iƙamar Inna, takardar izinin zamanta a ƙasar nan, a jikin tawa take rataye. In aka sallame ni, tare za mu hau jirgi. Ita kuwa da shekararta saba'in da tara da zuciyar nan tata mai gardama, buri ɗaya ya rage mata a duniya: ta cika a garin nan a kai ta maƙabartar Baƙi'a. Duk gawar da aka sallata a Harami sai ta bi ta da ido ta ce, "Wannan ya dace."

Na sayo mata dabinon ajwa a hanya. Alhamdu lillahi.

Talata, 10 ga Satumba

Fom ɗin sayen hotunan bana ya zo daga ofishin saye-saye. A mayar kafin ƙarshen wata. Aikin minti biyu ne, na bara nake kwafa in canza shekara. Na tura shi ƙarƙashin littafi, sai na huta.

Asabar, 14 ga Satumba

Bari dai in rubuta ko zan gane abin da nake tsoro.

Baba Ƙaltume, tsohuwar nan ta benen ƙasa, ta hawo wajen Inna da hantsi. Suna tsinke zogale, ni ina kicin ina jin su. Sai Inna ta ce, "Ƙaltume, kin ga ikon Allah? Shekarar da muka zo, watan haihuwar Annabi da mayafi mai kauri nake fita Asuba. Bana ga shi ya zo mukayyif, na'urar sanyin nan, ko hutawa ba ya yi." Baba Ƙaltume ta ce ai haka wata yake, baya-baya yake tafiya kamar mai jan rago.

Ludayi na hannuna, sai fom ɗin ofis ya faɗo mini a rai.

Fom ɗin nan da kwanan watan Hijira ake cika shi. Shekarar farko na zauna na lissafa: muna son hotunan farkon Nuwamba, lokacin da fuƙma suke fitowa kan ƙanƙara su haihu, kusan duk suna waje ana iya ƙirga su. Ya faɗo 10 zuwa 20 ga Rabi'ul Awwal. Na rubuta. Shekara ta biyu na kwafa. Ta uku na kwafa. Hotunan kuma in sun iso rumbun jami'a, da kwanan Hijira ake sa musu suna, kullum ina ganin 10 zuwa 20 ga Rabi'ul Awwal ina jin daɗi wai ni mai tsari. Ingrid jimilla kawai nake aika mata, kowace da shekararta.

Shekarar Hijira tana gaza ta Turawa da kwana goma sha ɗaya. Ɗan aji biyu a Islamiyya ya san wannan. Ni da digirin digirgir a lissafi.

Miyar ta kama. Inna ta ce lafiya, na ce kaina ne.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na kulle ofis na buɗe cikin hotunan ɗaya bayan ɗaya, inda na'urar da kanta take rubuta ranar da ta ɗauka. Ina buɗewa ina addu'a kamar mai jiran sakamakon asibiti.

7 ga Nuwamba 2019. 27 ga Oktoba 2020. 16 ga Oktoba 2021. 6 ga Oktoba 2022. 25 ga Satumba 2023.

Kwana arba'in da uku na zame baya ban sani ba. A ƙarshen Satumba yawancinsu ba su fito ba tukuna, suna ƙarƙashin ƙanƙara suna kiwo. Ashe ba raguwa suka yi ba, ni ce nake zuwa musu da wuri, kowace shekara da wuri fiye da ta baya, in tarar gida ba kowa in rubuta sun mutu.

Abin da ya fi ba ni haushi, na ga alama. Bara na lura inuwar duwatsun ƙanƙarar ta yi tsawo, hasken ya yi rauni. Na ce kyamara ce. Lissafin yana fita sumul, layin yana gangarowa yadda masu mujalla suke so, wa zai tsaya tambayar inuwa?

Na yi amai a banɗakin malamai.

Talata, 17 ga Satumba

Ba wanda ya sani. Wannan jimlar nake ta juyawa tun jiya. Ba wanda ya sani sai ni da Allah.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ingrid ta rubuto cike da murna. Za a gabatar da sakamakonmu a wani taron ƙasashe kan kamun kifi a tekun kudu wata mai zuwa, kuma wata 'yar jarida tana son magana da "matar da ke ƙirga fuƙma daga hamada." Ta sa alamar dariya.

Ga fom ɗin nan yana kallona. In na rubuta Rabi'ul Awwal kamar kullum, hotunan tsakiyar Satumba za su zo, fuƙma su ƙara "raguwa," kuma wannan karon da sanina na yi. In na rubuta daidai da Nuwamba, dubbai za su dawo daga lahira a shekara guda, kowa ya tambaya daga ina. Gaba kura baya sayaki.

Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis sai in zabura. Yau ɗaliba ce kawai take neman sa hannu, na daka mata tsawa ba gaira ba dalili. Baiwar Allah har da ba ni haƙuri.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na kai Inna Harami. Bayan La'asar ta ce in tura kekenta gefen katangar Baƙi'a. Mata ba ma shiga, ta tagogin ƙarfen nan muke leƙe. Ba komai a ciki sai jar ƙasa da ƙananan duwatsu da tattabaru. Ta daɗe tana kallo, bakinta yana motsi, fuskarta kamar ta mai duba gidan da za ta tare.

Da muka dawo gida, unguwar Aziziyya, na zauna a bakin gadonta na faɗa mata komai. Na yi mata bayani da yatsu. Ta gane nan take, ita da ba ta yi boko ba, ta fi ni sanin tafiyar wata.

Na ɗauka za ta ce in faɗi gaskiya komai ɗacinta. Wallahi abin da na je nema ke nan, wanda zai tura ni. Matar da ta taɓa mayar da ni kasuwa da ƙafa saboda albasa ɗaya da ta shigo kwandonmu bisa kuskure.

Sai ta jawo carbinta. Can ta ce, "Safiya, wa ya ƙirga su in ba ke ba?"

Na ce ba kowa.

Ta ce, "To ki bar su mana. Dabbobin nan suna can lafiyarsu ƙalau, ba abin da takardarki ta rage su da shi. Ni kwana nawa ya rage mini? Ki bari a rufe ni, sai ki faɗa wa duk wanda kika ga dama."

Ba ta kalle ni ba da take faɗa. Carbinta take kallo. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, don na ga yadda son abu yake iya lanƙwasa ko da Inna ce.

Asabar, 21 ga Satumba

Tana da gaskiya ta wani gefen. Ba fuƙmar da za ta mutu don na yi shiru.

Amma za a tsaya gaban mutane a karanta lambar da na san ƙarya ce. Wani ɗalibi a wata ƙasa zai gina shekarunsa a kanta. Ranar da wani ya buɗe hoto ɗaya ya duba kwanan wata, ba za a ce kuskure ba ne, za a ce ha'inci. Kuma ranar tana zuwa. In ma ba ta zo ba, wace irin maƙwabtaka ce zan nema wa uwata da Sahabbai ta wannan hanya?

Wannan tambayar ta ƙarshe ban iya faɗa mata ba. Ba ni da bakin.

Talata, 24 ga Satumba

Na aika. Ƙarfe goma da minti shida na safe. Layi tara, da jadawalin kwanakin a ƙasa. Na rubuta wa Ingrid cewa laifina ne ni kaɗai, a janye takardar. Yatsana ya fi minti goma a kan madannin.

Daga nan ban bari na zauna ba, don na san in na zauna ba zan tashi ba. Na wuce ofishin Duktura Khalida. Jikar Kanawa ce, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Yau ban iya Larabcin ba, da Hausa na zazzage mata. Ta cire tabarau ta dafe goshi, ta amsa da Larabci kamar kullum.

"La haula. Ya Safiyya, shekara biyar? Ba wanda ya duba bayanki?"

Na ce ba wanda ya duba, don ba wanda ya zaci mai hankali zai yi haka.

Ta ce dole ta kai wa lajna, kwamitin da ke duba kwantiragi, kuma kada in sa rai da yawa, don an riga an sa labarin takardar a shafin jami'a har da hotona. Ina bakin ƙofa ta kira ni, ta yi magana da Hausarta mai tsami da ban taɓa ji ba sai yau. Ta ce kakanta shekara bakwai ya yi yana tafiya daga Kano da ƙafa don ya mutu a Madina, ya rasu a Sawakin, bakin tekun Sudan, yana jiran jirgin ruwa, matarsa da 'ya'yansa ne suka ƙetaro. Ban san ko lallashi ne ko gargaɗi ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Fom ɗin na cika shi da rana. Na rubuta kwanan Hijira da ya yi daidai da farkon Nuwamba, na sake rubuta na Turawa a gefe da jan biro, manya-manya.

Laraba, 25 ga Satumba

Amsar Ingrid layi biyu. Ta gode da na faɗa. Tana buƙatar lokaci kafin ta iya magana da ni.

Na faɗa wa Inna na aika. Ta ce, "To." Ta juya ta fuskanci bango.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kwana goma sha ɗaya ke nan Inna ba ta ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa. Abinci in na kai ta ci kaɗan, in Baba Ƙaltume ta kawo ta cinye. Da ma zagina ta yi.

A sashe kuwa an iya shiru mai ƙara. Ana gaishe ni da ladabi fiye da da. An cire hotona daga shafin. Wani malami da ban taɓa yi wa komai ba ya tambaye ni a lif wai yau nawa ga wata, yana murmushi. Na ce ya duba wayarsa, ita ba ta kuskure. Da na shiga ofis na yi kuka.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Lajna ta zauna. Minti ashirin. Ba za a sabunta ba. Don kada ɗalibai su tagayyara an bar ni in kai ƙarshen shekarar karatu, watan Yuni, daga nan fita ta ƙarshe, ni da wanda ke ƙarƙashina. Haka takardar ta kira Inna, "wanda ke ƙarƙashinta."

Duktura Khalida ta ce ta yi iya yinta, da a Nuwamba za a sallame ni. Na yarda da ita.

Wata takwas.

Talata, 29 ga Oktoba

Asibiti. Da safe ina shirin fita na ji tari daga ɗakinta, na tarar tana zaune tana kokawa da numfashi, leɓɓanta sun canza. Ban san yadda na sauko da ita bene ba. Likita ya ce ruwa ne ya taru a huhu, zuciyar ta gaji. An sa mata abin numfashi.

Da ta farfaɗo kaɗan ta kama hannuna. Karo na farko cikin wata guda. Ta ce, "Ko shi ke nan?" Idonta ba tsoro a ciki. Fata ce a ciki.

Laraba, 30 ga Oktoba

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake karanta shi ba.

Jiya da Azahar a masallacin asibiti na yi sujada zan roƙa mata lafiya, sai na ji abin da zuciyata take cewa daban. Cewa take, ya Allah in za ka ɗauke ta, ka ɗauke ta kafin Yuni. Ban faɗa da baki ba, amma na ji shi sarai, kuma na ji wani sauƙi yana biyo bayansa. In ta cika yanzu ta sami Baƙi'arta, ni kuma na fita daga laifi.

Uwata. Ina lissafa mata kwanaki kamar yadda nake lissafa dabbobi.

Na fi tsoron wannan fiye da lajna, fiye da jirgin Yuni. Tun jiya na kasa yi mata addu'a ko ɗaya. Da na ɗaga hannu sai in sauke, don ban san wacce za ta fita ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

An sallame mu. Ƙwayoyi shida safe da yamma, ba gishiri. Ta ce miya ba gishiri ai hukunci ne tun kafin kabari. Ta fara tsokana, ke nan da sauƙi.

Ni ce dai ban warke ba. In ta yi barcin rana sai in tsaya a ƙofa ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ban san me nake jira ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Hotunan bana sun iso, na 3 zuwa 13 ga Nuwamba. Na duba kwanan cikin kowanne sau uku kafin in fara. Ingrid ta sake rubutowa makon jiya, a taƙaice, ta ce in ƙirga in aiko, wani ɗalibinta zai ƙirga nasa daban a gwada. Da can da na ji haushi. Yanzu na ga daidai ne.

Suna nan. A bakin kowace tsaga ta ƙanƙara, jere-jere, manyan ɗigo da ƙanana a gefensu. Gaɓar da na rubuta ɗari biyu da sittin bara, yau na tsaya a dubu ɗaya da ɗari ɗaya da wani abu don idona ya gaji. Ko sun ragu da gaske, ko sun ƙaru, ba wanda zai iya cewa sai an sayo hotunan Nuwamba na shekarun da na ɓata an sake daga farko. Wani ne zai yi, ba ni ba.

Na yi zaton zan ji kunya da ganinsu. Na ji, amma ba ita kaɗai ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Sanyi ya shigo. Ba mu je Harami ba, likita ya hana ta cunkoso.

Da hantsi ina yanke mata farce ta ce in kira Idrisa, ƙanena, in tambaye shi ko ɗakinta na Haɗeja yana yoyo, in yana yi a gyara kafin damina. Haka kawai, kamar tana cewa a sayo gishiri. Ban ɗago ba, na ce to. Ta ce kuma kada in ɗauka ta huce, ba ta huce ba. Na ce na sani, Inna. Ta miƙo ɗaya hannun.

Ban san ko za ta kai Yuni ba. Ban san inda zan sami aiki ba, da wannan tabon a sunana. Tsoron yana nan, da shi nake tashi.

Da La'asar na yi salla a ɗakinta tana gyangyaɗi a kujera. Sai da na sallame na tuna abin da na ce a sujada. Allah ka ja kwanan Inna, ka bar mini ita. Ban ambaci wata ba, ban ambaci gari ba.

Idrisa ya ce ɗakin yana yoyo ta kusurwar gabas.